In Ta Ƙi Tashi, Wa Za a Mayar Wa?

Wanda duk ya tashi a Anguwan Rogo ta Jos tun tana bakin gari, gonaki na bayanta, duwatsu na kallonta, in ya bi lungunanta yau ya kasa kunne, zai tarar akwai wata ƙara guda da ta fice daga hayaniyar unguwa ba tare da an yi sallama da ita ba. Ba amon masaɓa nake nufi ba, domin shi yana nan, ko da yake kukan janareto da na injin walda sun danne shi. Ina nufin ƙarar nan ta gwaji, wadda akan ji da hantsi daga bayan maƙera, guda ɗaya tak, sa'an nan farin hayaƙi ya taso, warin albarushi ya biyo iska, tsofaffin da ke zaune a ƙofar gida kuwa ko waiwaye ba su yi, sai dai wani ya ce, "To, an gyara wa wane bindigarsa." Yau in aka ji irin wannan ƙara tsakanin Titin Bauchi da Anguwan Rukuba, kafin hayaƙin ya watse an rufe shaguna, mata sun fito neman 'ya'yansu, 'yan'uwa sun fara bugo waya daga Kano da Bauchi suna tambayar ko lafiya.

Ba bindigar nake wa kuka ba, domin mutumin Jos da ya rayu daga 2001 zuwa yau, kana ya ce yana kewar ƙarar bindiga, ko dai bai raka gawar kowa maƙabarta ba, ko kuwa hankalinsa na bukatar addu'a. Abin da ya tsaya mini a rai wata mu'amala ce da ke bayan wannan ƙara, wadda sabo ya hana mu ganin darajarta: mutum ya ba da a ƙera masa abu, abin ya ƙi aikin da aka yi shi dominsa, shi kuwa ya saɓa shi a kafaɗa da rana tsaka, ya ratsa unguwa kowa na gani, ya je ya ajiye shi gaban wanda ya ƙera, ya ce, "Ga aikinka, ya ƙi." A cikin dukkan abin da maƙeri ke yi kuwa babu wanda aibinsa ya kai na bindiga tsada, fartanya in ta karye wuni aka yi asara, bindiga in ta saɓa, abin da za a yi asara ido ne, ko hannu, ko rai.

Bindiga ta daɗe a ƙasar Hausa, ko da yake ba 'yar gida ba ce. Tarihin Kano ya ambaci shigowarta daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, ya kuma ce Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada, duka a ƙarni na 18. A Damagaram kuwa, zamanin Sarki Tanimu, har igwa aka zuba a Zinder. Amma galibin abin da ya kai hannun talaka ta teku ya zo, daga maƙeran Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam, waɗanda suka daɗe suna yin wata irin bindiga mai araha domin kasuwar Afirka. Kuma bayan da ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar Burasel a 1890, suka tsananta hana baƙar fata bindigar zamani, suka bar masa ta ƙanƙara wadda ake ɗurawa ta baki, sai ita ce ta zama bindigar maharbi har ƙarshen zamanin En'e. To, wanda ya ƙera ta yana bayan teku, ba ya jin Hausa, ba shi da labarin wanda ta faɗa hannunsa. Saboda haka tun ran farko maƙerin gari ne ya ɗauki nauyin gyaran abin da bai ƙera ba, kuma daga gyara ya koyi ƙira: yau ya sake kunama, gobe ya sake ƙota, har aka wayi gari babu abin da ya rage na Bature a jikin bindigar, sai ya ga ashe zai iya farawa daga tushe.

Jos kuwa gari ne da ƙarfe ya yi wa yawa. Haƙar kuza ta tattaro mutane daga kowace kusurwa, ɗan siririn jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, babban ya biyo ta Kafanchan a 1927, kamfanoni suka yi ta shigo da injuna da motoci, kowanne in ya gama aiki sai a yar da shi a bayan gari. Maƙerin da kakansa ya ƙare ƙuruciya wajen narka tama sai ya tarar da ƙarfe a zube yana jiran mai ɗauka. Ga kuma daji kusa, ga duwatsun Naraguta da na Shere da remarsu da zomonsu da makwarwarsu, ga mutanen ƙasar, Anaguta da Afizere da Birom, waɗanda farauta ke cikin al'adarsu tun ba a san za a yi gari a nan ba. Don haka maƙerar unguwa ba ta Musulmi ba ce su kaɗai. Na sha ganin mutumin da ya sauko daga kan dutse da bindigarsa naɗe cikin buhu, ya zauna kan kututture ɗaya da maharbin da ya fito daga masallaci, suna jiran a zo kansu, suna ba'a da juna a kan wanda ya fi iya kuskure.

Maƙerar da na sani rumfa ce ta tsohon kwano, hayaƙi ya mai da ta baƙa ƙirin, kuma a sanyin Disamba, sanyin nan na Jos da ke mai da ruwan alwala jarrabawa, mu yara mukan taru a bakinta da sunan taya aiki alhali ɗumi muke nema. Har yanzu ina jin ƙamshin gawayin ƙirya, da ƙaurin ƙota sa'ad da aka cusa mata jan ƙarfe, da numfashin zuga-zugi, da amon masaɓa bisa uwar maƙera, da cuwwar ƙarfe in an tsoma shi a ruwa. Tsohon da ke da wurin ba ya ɗaga masaɓa sai ya yi bisimilla, yana kuma yawan tuna mana cewa sana'arsa gadon Annabi Dawuda ce, alaihis salamu, wanda Allah Ya tausasa wa ƙarfe. Aikinsa na kullum fartanya ne da garma da lauje da gatari da tarko. Bindiga sai jefi-jefi, galibi bayan kaka, in an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, maharba sun fara shiri. Amma ranar da aka kawo ta, ranar ce rumfa ke cika, domin kowa ya san za a yi shari'a.

Shari'a na ce, domin tsohon nan ba ya taɓa bindigar da aka kawo ƙara sai ya gama tuhumar mai ita. Maharbi ya durƙusa ya gaida shi, ya ce, "Baba, ga ta nan, jiya ta kunyata ni, na sami gada a tsaye, na ja, ta ƙi tashi." Shi kuwa ko kallonta bai yi ba, sai ya ce, "Ina ta kwana shekaranjiya?" Daga nan tambayoyi su yi ta bin juna, a hankali, yana yi yana juya ƙarfen da ke cikin wuta: yaushe rabonka da wanke ta, wurin wa ka sayi albarushi, cikin me ka ajiye shi, kai ka ɗura ta ko ƙanenka, da ka ja kunama ta faɗa da ƙarfi ko a kasalance, ka ga tartsatsi ko ba ka gani ba, wannan ne farko ko ta saba. Baƙo zai zaci hanyar zillewa yake nema. Amma wanda ya zauna gaban malamai, ya ga yadda ake warware mas'ala ta hanyar jero illoli a kore su ɗaya bayan ɗaya har a bar wadda hukunci ya rataya a kanta, zai gane cewa tsohon nan, wanda karatunsa bai wuce 'yan izu ba, usulu yake yi da ƙarfe.

Waɗanda ake tuhuma uku ne a kullum: albarushi, da mai bindiga, da maƙeri. Albarushi ya fi yawan laifi, domin Jos ƙasar laima ce, damina doguwa, raɓa mai nauyi, ɗakin ƙasa yana shan ruwa ta gindi, albarushin da ya sha laima kuwa ba shi da maraba da toka. Bayansa sai mai bindiga, wanda ya dawo daga daji a gajiye, ya jingine ta da dattinta har tsatsa ta toshe 'yar kafar da wuta ke bi, ko ya bar ƙanƙara ta dakushe. Tsohon kan sa kansa a ƙarshe, amma yana sa kansa, kuma nan darajarsa take. In ya share ta, ya sake ƙanƙara, ya gwada ta da albarushinsa busasshe, kowane gyara shi kaɗai, ba ya haɗa biyu don ya san wanne ne ya yi magani, ita kuwa ta ci gaba da ƙi, sai ka ji ya ce gaban kowa, "Wannan nawa ne. Ƙarfen da ke tura kunama ya yi sanyi, tun wajen ƙira ban gasa shi yadda ya kamata ba. Bar ta, ka dawo jibi." Ran jibi kuwa ba ya karɓar ko kwabo, in mai ita ya matsa, sai ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa ya riga ya ci. Sa'an nan ya fita da ita bayan rumfa, ya kore mu nesa, ya ɗora ta a kafaɗarsa shi da kansa, ya harba. Wannan harbi na farko shi ne garantinsa duka, domin fuskar da za ta fara ƙonewa in aikin bai yi ba tasa ce.

Ba daga littafi ya samo wannan ba, amma littafi na tare da shi. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, ko ya kai ga Muhtasar na Halil, ya san mazhabar Malik ta ba mai saye zaɓin mayar da kaya in ya tarar da tsohon aibi da ba a bayyana masa ba, ta kira ɓoye aibi tadlisi, ta kuma rarrabe tsakanin aibin da ya zo da kaya da wanda ya auku a hannun mai saye, wato dai rarrabewar nan da tsohon ke nema da tambayoyinsa. Haka nan malaman Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka ba su suka kau da shi daga idon mai shi, ko da yake asali wanda aka ba amana ba ya biya, suka kafa hujja da maslahar jama'a, tun da yake mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga maɗinki da marini da maƙeri. Amma ban taɓa jin an kai ƙarar bindiga gaban alƙali ba. Abin da ke zartar da hukuncin ya fi ɗan doka kusa: maƙeri na salla a sahu ɗaya da wanda ya yi wa aiki, 'yarsa na aure a gidan maƙwabcinsa, in kuwa magana ta yi tsanani akwai Sarkin Maƙera a wannan ɓangare, Sarkin Baka a wancan, su zauna su kashe ta. Mutumin da ba shi da wurin gudu, gaskiya kan zame masa hanya mafi sauƙi. Ban ce waliyantaka ce ba.

Akwai kuma lamuni na biyu wanda ba a faɗa, ni kuwa a ganina ya fi na farko nauyi. Maƙeri yana lamunce wa mai saye bindiga, yana kuma lamunce wa gari mai sayen. Ya san aikin hannunsa ko cikin ɗari, ya san wa ke riƙe da kowace, ɗan wa ne, a wane daji yake farauta, ko yana da lasin ko ba shi da shi. In aka tsinci bindiga inda bai kamata ba, ba a bukatar wata lamba a jikinta, sai a kai wa maƙera su ce aikin wane ne, shi kuma wane ya faɗi wanda ya yi wa. Saboda haka yakan zaɓi wanda zai yi wa. Na ji da kunnena wani saurayi baƙo, mai tsabtar riga, ya roƙe shi ya yi masa gajeriya wadda za ta shiga aljihu, ya ambaci kuɗin da ya fi na doguwa. Tsohon ya ce, "Ɗana, wace dabba za ka harba da ita?" Saurayin ya ce don tsaron kai ne. Ya ce, "Doguwa ta nama ce, gajeriya ta mutum ce. Ni ba na yin ta mutum." Bai kuma bar maganar a rumfa ba, sai da ta kai kunnen mai unguwa kafin magariba.

To, kada mai karatu ya ɗauka ina cewa wancan zamani ba shi da aibi. Duk wanda ya san tsofaffin maharba ya san nawa ne a cikinsu yatsunsu ba su cika goma ba, nawa ne fuskarsu ke da baƙaƙen ɗigo na albarushin da ya shige fata, nawa ne suka rasa ido domin bindiga ta yi jinkiri, suka leƙa bakinta su ga abin da ya hana ta, ita kuwa ta tashi a sa'an nan. Maƙeri da ido yake aiki, kuma gaskiya ne ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Sai dai ido ba ya ganin tsagar da ke cikin ƙarfe, ƙarfen da aka tsinto kuwa ba domin ɗaukar wuta aka yi shi ba. Bugu da ƙari ba kowane maƙeri ne irin tsohon nan ba. Akwai waɗanda in bindiga ta fashe sai su ce an yi wa mai ita sammu, ko dabbar da ya nufa tana da iska, shi kuwa talaka ya nufi wurin boka da guntun hannu yana neman makari, alhali mai laifin yana rumfar da ya baro. A Birmingham tun 1813 aka kafa gidan gwaji, inda ake ɗura wa bututun bindiga fiye da abin da zai ɗauka a aiki, a harba shi cikin ɗakin da babu kowa, in ya tsira a buga masa hatimi, in ya fashe ya fashe ba a hannun mutum ba. Wannan ilmi ne, ya kuma fi jaruntakar ɗora bindiga a kafaɗa, ko da yake bai kai ta daɗin labari ba. Namun dajin da ake wa wannan hidima kuwa, bindigar da ta ji gyara da ƙunar daji da faɗaɗar gari sun taru sun ƙarar da su. Inda ake neman makwarwa a bayan unguwarmu, yau gine-ginen Jami'ar Jos ne da gidajen haya.

Doka ma ba ta taɓa ɗaukar bindigogi duka abu ɗaya ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙi, ta kasa su uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, har da libarba da kowace irin gajeriyar bindiga, da na farauta irin na kanti, masu lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda, da masu ɗuri ta baki, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, su ne kuma aka bar ƙofar a ba maƙeri izinin ƙera su da gyara su. Ashe inda tsohon ya ja iyaka tsakanin doguwa da gajeriya, kusan nan doka ta ja tata. Bayan yaƙin basasa, da makamai suka bazu, fashi ya yawaita, aka yi dokar 1970 mai hukuncin kisa ga ɗan fashi da makami, tun daga nan maƙera suka fara ɗari-ɗari. Amma abin da ya rufe babin a unguwarmu shi ne rikicin ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, da abin da ya biyo bayansa a Nuwamba 2008 da Janairu 2010. Ba zan fama wannan ciwo a nan ba; kowane gida a Jos, na masallaci da na coci, yana da nasa lissafi. Abin da ya shafi maganata shi ne gari ya tsage, maƙwabtanmu Kirista suka tashi daga Anguwan Rogo, Musulmin wasu unguwanni suka taso suka cika ta, mutumin kan dutse ya daina saukowa da buhunsa, sojoji suka kafa shinge a mararraba, bindigar maharbi kuwa, wadda a da ake ratsa kasuwa da ita, ta zama abin da in an same shi a ɗakinka ba za a tsaya tambayarka gada ko zomo ba.

Sai ƙira ta rabu biyu. Maƙera masu mutunci suka tsame hannunsu daga bindiga ɗungum, suka koma ga murhu da ƙofa da kayan gona. Waɗanda suka ci gaba suka shige duhu, kuma abin da suke yi, gwargwadon abin da muke gani duk sa'ad da jami'an tsaro suka baje wa 'yan jarida kayan da suka kama, da yawansa irin gajeriyar nan ce da tsohon ya ƙi yi, da kwaikwayon bindigar soja. Lamunin nan biyu tare suka faɗi. Mai ƙira ba ya son sanin sunan mai saye, mai saye ba ya son a san ya saya, tsakaninsu ga dillali mai rantsuwa bai san ko ɗaya ba. In ta ƙi tashi babu wanda za a mayar wa, in ta fashe a hannun yaro sai a ce da likita injin niƙa ne, in ta tashi daidai kuwa musibar ta fi girma. Mugun aiki ba ya komawa ga mai shi balle ya gyara hannunsa, mugun mutum kuma ba mai tambayarsa wace dabba zai harba.

Abin mamaki, al'adar da ta mutu a wurinmu tana nan da ranta a Amurka, ƙasar manyan kamfanoni. A can akwai ƙananan maƙera masu lasin da ke ƙera wa mutum gajeriyar bindiga gwargwadon hannunsa da bukatarsa, da yawa bisa fasalin wadda John Browning ya tsara, sojan ƙasar suka karɓa a 1911. Mutum ya biya kuɗin da zai sayi na kanti da dama, ya yi watanni yana jira, ta iso tana ƙyalli, sa'an nan ta riƙa sarƙewa, domin sau da yawa tsananin matse sassa da ake yi don ta yi saiti shi ne ke rage mata haƙuri da datti da bambancin harsashi. Sai a fara irin shari'ar rumfarmu, amma ta waya da wasiƙa: wane harsashi ka sa, wane gidan harsashi, ka shafa mai, aiko mana da ita mu gani. Wani maƙerin ya karɓa ya gyara ya gwada ya mayar kyauta, sunansa ya ƙara tsada. Wani ya ce a ci gaba da harbawa za ta saba, wanda wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuwa sammu ne na zamani. Ban kawo wannan don sha'awar halinsu ba, domin ƙasar tana binne dubun dubatan mutane kowace shekara ta dalilin bindiga. Na kawo shi ne don a ga cewa mayar da aiki ga mai shi ba al'adar ƙauye ba ce da ci gaba ke kashewa. Sharaɗinta kawai shi ne sana'ar ta kasance a sarari, mai yinta yana da suna, yana da ƙofa.

Mu kuwa, in an ajiye bindiga gefe, wani hali na tsaka-tsaki muke ciki game da sauran kayanmu. Janareto da waya da famfon ruwa da injin markaɗe da ke gidajen Anguwan Rogo yau sun fi ƙarfin abin da kowane maƙeri zai iya yi, sassansu kuma bisa ma'auni ɗaya aka yi su, ta yadda in ɗaya ya lalace za ka sami ɗan'uwansa a shagunan Dilimi ka ɗaura ba tare da an hura wuta ba. Wannan ni'ima ce da kakanninmu ba su sani ba, butulci ne kuma a raina ta. Amma in sabon abu ya ƙi, tafiyar da ke gabanka doguwa ce. Mai shago ya nuna maka rubutun Turanci a gindin rasit cewa abin da aka saya ba a mayarwa, ya ce shi ma haka ya saro. Wakilin kamfani yana Legas ko Onica. Masana'anta tana ƙasar Sin. Takardar garanti tana cikin kwali, an rubuta ta domin mutanen wata ƙasa. Akwai dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta ba mutum ikon mayar da kaya mai aibi, akwai hukumar da aka kafa dominta, akwai ma kamfanonin waya masu wuraren gyara da ke cika alkawari. Sai dai mai ƙosan da wayarta ta mutu cikin mako ba ta san ƙofar hukuma ba, kuma ba ta da wanda zai tsare mata kasko ta je nema. Daga ƙarshe yaron da ke bakin titi da ɗan teburinsa ne zai buɗe ta, ya gyara abin da bai ƙera ba, daidai inda maƙeranmu suka fara da bindigar Birmingham.

Jikokin maƙeran unguwarmu da yawa masu walda ne yanzu, suna yin ƙofofin ƙarfe da tagogi masu sanduna, waɗanda, abin takaici, rikicin ya ƙara wa kasuwa. Wasunsu kan rubuta lambar wayarsu da fenti a ƙasan ƙofar da suka yi. Na tambayi wanda ya yi mini ta zaure ko talla ce, ya ce, "Talla ce, Baba, amma kuma in ta sauka ta fara cin ƙasa, ko sakata ta ƙi shiga, wa za ku kira?" Ta kuwa sauka da damina, na kira, ya zo da injinsa a bayan babur. Kafin ya taɓa ta sai da ya tambaye ni wa ya kafa ta a bango, da wane irin kwaɓi, ko yara na lilo a jikinta, ko an taɓa buge ta da kura. Aka tarar rabin laifin na magini ne, rabi nasa, domin hinjin da ya sa ya yi wa nauyinta kaɗan. Ya ce hinji a kansa, man janareto da kuɗin magini a kaina. Muka yi ta ja a kan wannan har aka kira la'asar, muka rabu a kan zan biya mai, shi kuma zai nemo maginin da kansa.